Kai Ɗalibai Ziyarar Sansanonin Hitila: Tilas Ko Ganin Dama?

A shekarar 2025 ministar ilmi ta ƙasar Jamus, Karin Prien, ta ce ya kamata a wajabta wa kowane ɗan makaranta ya ziyarci ɗaya daga cikin sansanonin gwale-gwalen nan da mutanen Hitila suka gina, irin su Dakau da Bukenwal. Maganar ta ta da gardama, ba kuwa ta banza ba.

Dalilin masu son tilas shi ne shaidu suna ƙarewa. Ran 27 ga Janairu 1945 sojan Rasha suka buɗe Aushwiz, babban sansanin da ke ƙasar Folan, inda aka halaka mutum wajen miliyan 1 da dubu 100, galibinsu Yahudawa. Da aka yi taron cika shekara 80, waɗanda suka tsira suka halarta ba su fi hamsin da 'yan kai ba, duk tsofaffi tukuf. Malamai sun san ruwayar wanda ya gani da idonsa daban take da ta wanda aka gaya wa. To, in masu ruwaya suka ƙare, sai wurin da kansa ya tsaya shaida.

Abin da ɗalibi zai tarar a Aushwiz kuwa ya fi ƙarfin littafi. Tun 1947 aka mai da wurin gidan tarihi. Ga tulin takalma, har da na jarirai. Ga akwatuna da sunayen masu su a rubuce, don an ce musu za su karɓi kayansu daga baya. Ga gashin kan mata da aka aske, wanda ake sayar wa masaƙu da awo.

Nan ne ya kamata 'yan kasuwa su natsu, gama kisan nan da ciniki aka yi shi. Kamfanin IG Farben ya kafa masana'anta kusa da sansanin, yana biyan mak 4 a yini kan fursuna mai sana'a, 3 kan lebura, kuɗin kuma hannun masu tsaron yake shiga, ba na mai gumi ba. Kamfanin Topf ya gina tandunan ƙona gawa. Bruno Tesch, ɗan kasuwar da ya sayar da gubar Zyklon B, kotun sojan Ingila ta rataye shi a 1946. Duk an yi rasit, an shigar a littafi.

Amma fa masu ƙin tilas, cikinsu har da wasu shugabannin gidajen tarihin, suna da hujja. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta yi shekaru tana kora yara zuwa Bukenwal ayari ayari, ana karanta musu abin da hukuma ke so, ga shi yau a wannan yankin ne jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ta fi ƙarfi. Wannan bai tabbatar da cewa ziyarar ce ta jawo ba, amma ya nuna ba ta hana ba.

Gaskiyar magana, gardamar ta kauce wa inda gizo ke saƙa. Yaron da aka sauke daga mota ba a karantar da shi kome ba, sa'a uku zai yi yana kallon bulo da waya, ya ɗauki hoto ya koma. Wanda malaminsa ya fara zaunar da shi, ya bi da shi labarin mutum guda daga gidansa har bakin jirgin ƙasa, shi ne zai tsaya gaban akwatunan yana neman sunan.