Damin da Ke Kwance Kansa

Manomin Balan ya san dami: a tattara zangarniyar gero, a ɗaure tamau, a kai rumbu. Masu rubuta manhaja ma suna da nasu damin, wanda ake kira shar. Tun shekarun 1980 ake amfani da shi wajen haɗe fayiloli masu yawa su zama rubutu guda da za a iya aikawa ta imel. Masu kula da tsarin FreeBSD, waɗanda suka buɗe rumbun manhajojinsu a 1994, sun daɗe suna karɓar sabuwar gudummawa a wannan siga, sannan a 2021 suka mayar da rumbun kan Git.

Sai dai akwai lauje cikin naɗi. Shar jerin umarni ne da kwamfuta ke zartarwa domin ya kwance kansa. Duk wanda ya zartar da shi bai karanta ba ya damƙa wa baƙo makullin ɗakinsa, domin layi ɗaya tak na iya shafe aikin shekara.

Ina jan hankalin ɗalibanmu na Gaya da Ajingi, musamman masu karatun kwamfuta a Wudil, kan abu biyu. Ƙofar waɗannan rumbuna a buɗe take, ba a tambayar digiri. Ƙaramar manhajar gyara rubutun Hausa ma gudummawa ce. Sannan ku karanta duk abin da aka turo muku kafin ku zartar, ko da malaminku ne ya turo.