Kuɗin Hanya da Haƙƙin Naƙasassu: Kira Daga Iyakar Bagudo

  

Ya 'yan'uwa, batun karɓar kuɗi a kan manyan hanyoyi ya dawo a ƙasar nan, kuma wajibi ne mu yi magana tun kafin ya iso ƙofar gidajenmu. Masu karatu za su tuna cewa gwamnatin Obasanjo ta soke ƙofofin karɓar haraji na hanyoyin tarayya daga farkon 2004. A watan Agustan 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da sabon tsarin maido da su, sa'an nan a Fabrairun 2025 aka fara karɓa a hanyar Abuja zuwa Keffi, Akwanga, Lafiya da Makurɗi, inda aka yanka wa ƙaramar mota naira 500, manyan motocin dakon kaya kuwa naira 1,600.

Tsarin na 2021 ya yafe wa kekuna da babura da masu ƙafa uku, da motocin jakadu, da na sojoji da jami'an tsaro. Tambayarmu ita ce: ina naƙasasshen da ke tuƙa mota? Jakadan da ke da albashin dala an ɗauke masa, amma gurgun da ya tara ɗan abin hannunsa ya sa makaniki ya mayar masa da birki da totur zuwa hannu, domin ya kuɓuta daga bara, shi ne zai biya?

Mu duba Bagudo a Jihar Kebbi, ƙaramar hukumar da ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Wanda ya haye Kogin Kwara ta gadar Tuga ya nufi Kaoje ko Tsamiya, har zuwa Segbana a ɓangaren Benin, ya san abin da ake kira shinge. Wani na hukuma ne, wani na masu yankan tikiti, wani kuwa igiya ce kawai da ɗan benci. Naƙasasshe in ya iso irin wannan wuri, makomarsa tana hannun wanda ya tarar. In mai imani ne ya ɗaga masa hannu ya wuce. In marar tausayi ne ya tsare shi cikin rana har sai ya miƙa. Mai ƙafa yana iya sauka ya je ya yi ciniki, ko ya bi ta bayan gari. Gurgu ba shi da wannan dama. Rufe iyakoki da aka yi a Agustan 2019 ya nuna mana yadda abincin mutanen bakin iyaka ya dogara ga hanya, to ina ga wanda ba ya iya noma ba ya iya dako?

Musulunci bai bar wannan al'amari ba bayani ba. Allah Maɗaukaki Ya ɗauke wa makaho da gurgu da majinyaci laifin rashin fita yaƙi, kamar yadda ya zo a Suratul Fat'hi. In an sauke musu wannan babban wajibi, don me za mu ɗora musu ƙaramin da mu muka ƙirƙira? Haka kuma hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani ga mai karɓar kuɗin mutane a kan hanya ba bisa ƙa'ida ba, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa harajin zalunci cikin laifuffukan sarakunan zamaninsa.

Doka ma tana tare da mu. A Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. A Ingila, motar da aka ɗauke wa harajin shekara saboda naƙasar mai ita ba ta biyan kuɗin tsallaka mashigar Dartford a kan Kogin Thames. Ba roƙo yake yi ba, rajistar motarsa ce take magana.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta rubuta sunan naƙasassun direbobi ɓaro-ɓaro cikin jerin waɗanda aka yafe wa, ta haɗa da takardar shaida wadda za a liƙa a jikin abin hawa. Muna kira ga Gwamnatin Kebbi da hukumomin Bagudo su bayyana wa jama'a wane tikiti ne halattacce, nawa ne kuɗinsa, su kuma tumɓuke sauran igiyoyin. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi su sanar da yaransu cewa ba a yankar wa naƙasasshe tikiti. Su kuma masu lafiya su ji tsoron Allah, kada su ari takardar wani su yi fasa-ƙwauri da ita, domin ha'incin mutum ɗaya kan jawo a toshe wa dubu ƙofa. Malamanmu na Illo da Lolo da Kaoje su ɗauki batun zuwa kan mumbari.

Tausayi abu ne mai kyau, amma yau yana nan gobe babu. Haƙƙin da aka rubuta shi ne yake tsare mutuncin mai rauni. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.