Murmushin Linda

Wannan makon labarin wata Ba'amurkiya na kawo maka, Linda Boreman, wadda duniya ta sani da Linda Lovelace.

A 1972 ta fito a wani fim ɗin batsa da ya tara wa masu shi miliyoyin daloli. Ita dala 1,250 aka biya, su ma ta ce mijinta, Chuck Traynor, ne ya karɓe. Sai a 1980, cikin littafinta Ordeal, ta fasa ƙwai: da duka da bakin bindiga ya tilasta mata. Wasu abokan aikinta sun ƙaryata ta, wai sun gan ta tana murmushi. Ni dai na yarda da ita. Sau nawa ka ga mace tana dariya a gidan biki, alhali mayafinta shatin duka yake rufewa?

Bayan ta tsere ta sake aure, ta haifi 'ya'ya biyu, ta koma yaƙar sana'ar. Ciwon hanta da ta ɗauka ta ƙarin jini ya kai ta ga dashen hanta a 1987. Haɗarin mota ne ya yi ajalinta a Denver a 2002, tana da shekara 53.