Sun Zubar da Mutuncin Koren Fasfo, Sun Je Sun Sayi Wani

Dala 200,000. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar kuɗin zama ɗan ƙasa a tsibiran Karibiyan da ke sana'ar sayar da fasfo, kuma ba a ɓoye ake cinikin ba, gwamnatocinsu ne da kansu suka zauna a 2024 suka tsayar da farashi don kada wani ya karya wa wani kasuwa. Ka biya, a duba takardunka, bayan 'yan watanni fasfo ya iske ka har falonka a Maitama, in ka ƙara wani abu a haɗa da na uwargida da yara. A wasunsu ko taka ƙasar ba sai ka yi ba. Ba ka san abin da suke ci ba, ba ka taɓa zuwa suna ko jana'izar kowa a can ba, amma ka zama ɗan ƙasa. St. Kitts da Nevis, wadda mutanenta duka ba su kai 60,000 ba, ita ta buɗe wannan kasuwa a 1984. Dominika ta biyo baya a 1993, daga baya Antigua da Grenada da St. Lucia suka shigo. Turkiyya kuwa gida za ka saya na dala 400,000, ka riƙe shi shekara 3.

Ɗan'uwa, buga lissafin da kanka. A canjin naira 1,500, dala 200,000 ta kama naira miliyan 300. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi sama da shekara 350 yana aiki, bai ci ba, bai sha ba, bai saya wa yaro ko silifas ba, kafin ya tara. Shi kuma namu koren fasfon, tun Satumban 2025 ƙaraminsa mai shafi 32 ya koma naira 100,000. Albashin wata guda bai isa mutum ya mallaki fasfon ƙasar da aka binne cibiyarsa ba. Ina za mu kai wannan takaici?

Ba na jin haushin ɗan kasuwar da ya nemi halaliyarsa, ya gaji da wulaƙanci a filin jirgi, ya gaji da rasa ciniki saboda biza ta ƙi fitowa a kan lokaci, ya cire kuɗin guminsa ya sayi sauƙi. Wallahi na san abin da ya kore shi. Na raka ɗan yayata neman biza a wani ofishin jakadanci, yaro mai takardar gurbin karatu a hannu. Tun asuba muke tsaye a bakin katanga, ba inuwa, ba wurin zama, wayoyi an bar su a hannun wasu samari da ke karɓar kuɗin ajiya, kowa rungume da ambulan mai ruwan ƙasa: takardar banki, takardar makaranta, takardar haihuwa, hoto mai farin bango. Akwai wata dattijuwa a gabanmu da za ta je ganin 'yarta da ta haihu, tana ta gyara mayafi tana maimaita amsoshin da aka koya mata. Bayan makonni aka miƙo wa yaron fasfonsa da takarda guda, an yi maki a wani akwati: ba mu gamsu za ka dawo ba. Shi ke nan. Kuɗin ya tafi, ba a mayarwa. Yaron bai yi magana ba har muka iso gida.

To wa ya ja mana wannan? Ruwa ba ya tsami banza. Fasfo ba ya lalacewa da kansa, ƙasa ce ke lalacewa sai fasfonta ya bi ta. Jami'in da ke bayan gilashi ba ya tsammanin yaronmu zai dawo saboda ya san abin da yaron zai dawo ya tarar: jami'ar da ke rufe wata takwas saboda yajin aiki kamar yadda aka yi a 2022, asibitin da likitansa ya tsere, hanyar da ba ta biyuwa bayan la'asar. Waɗanda suka riƙe ƙasar har ta kai haka, su ne kuma masu miliyan 300 na sayen wani fasfon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mu a layi, su a sama.

Kada wani ya ce ƙage ne. Diezani Alison-Madueke ta riƙe ma'aikatar man fetur daga 2010 zuwa 2015, ma'aikatar da ƙasar nan kacokan ke ci daga gare ta. A shekarar da ta sauka aka ba ta fasfon diflomasiyya na Dominika, kuma Al Jazeera ta kawo labarin a binciken da ta yi a 2019 kan cinikin irin waɗannan fasfuna. Ita ce asirinta ya tonu. Sauran fa? Su nawa ne ke zaune a kan kujerun gwamnati yau da wani fasfo a cikin akwatin ƙarfe?

Abin da ke hana ni barci ke nan. Direban da ya buɗe ƙofa ya zuro ƙafa ɗaya waje, yana shirye ya dira, ba zai damu da gyaran birki ba, fasinja ne za su gane kurensu a gangare. Wanda ya san ranar da ta ɓaci jirgi zai hau da iyalinsa, me zai sa ya hana idonsa barci a kan asibitin garinku? Me ya dame shi da Birnin Gwari ko Zurmi? Shi ya sa ake yanke mana hukunci mai zafi ana cewa mu yi haƙuri, mu ƙara ɗaure ciki, masu faɗar kuwa sun riga sun tanadi inda za su in haƙurin ya ƙare.

Su ma Turawan da ke mana wa'azin bin doka, gwano ba ya jin warin jikinsa. Saifurus, ƙasa ce a cikin Tarayyar Turai, ta yi shekaru tana ba da fasfo ga mai zuba yuro miliyan 2, sai da aka fito a 2020 da hoton shugaban majalisarta da aka ɗauka a ɓoye ana maganar nema wa wani mai tabon laifi fasfo, sannan ya yi murabus aka rufe shirin. Malta sai da kotun Tarayyar Turai ta ce mata a Afrilun 2025 zama ɗan ƙasa ba hajar kasuwa ba ce. Ingila ta daɗe tana ba da izinin zama ga mai fam miliyan 2, ba ta tuna cewa kuɗi na iya zama na sata ba sai a Fabrairun 2022, ana saura kwanaki Rasha ta afka wa Yukiren. Amurka kuwa, a shekarar da ta rage bizar 'yan Nijeriya zuwa wata 3 da shiga sau ɗaya, wato 2025, a ita ce Trump ya sa hannu kan katin zinare na dala miliyan 1. Iyaka ɗaya ce. Mai kuɗi ya zo a ce mai zuba jari, talaka ya zo a ce baƙon haure.

Kuma talakan da ransa yake biya. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Galibinsu mata ne da ƙananan yara daga yankin Kance a jihar Damagaram, motocinsu suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Hausawa ne 'yan'uwanmu, yunwa ta fito da su. Ba wanda ya taɓa musu tayin kati, na zinare ko na kwali. Abin da ya biyo baya doka ce, Nijar ta kafa ta a 2015 bisa matsin Turai, aka kama direbobi a Agadas, aka ƙwace motoci, masu tafiya suka koma bin hanyoyin da ba rijiya.

Sayayyen fasfon ma ba shi da tabbas, dillali dai ba zai gaya maka ba, la'adarsa yake so. A Yulin 2023 Ingila ta wayi gari ta ce daga yau ɗan Dominika da ɗan Vanuatu sai da biza, dalili kuwa wannan cinikin. A Disambar 2025 Amurka ta fitar da jerin ƙasashen da ta taƙaita wa shiga, sai ga Dominika da Antigua a layi ɗaya da Nijeriya. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Dalolin da suka fita daga nan, waɗanda da sun gina masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, sun tafi ke nan.

Ana cikin wannan, a Maris ɗin 2025 Majalisar Wakilai ta tsallake karatu na biyu da ƙudurin mataimakin kakakinta, Benjamin Kalu, na ba baƙo mai zuba jari damar zama ɗan Nijeriya. Wai mu ma mu shiga kasuwar. A ƙasar da Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos yake shan wuya kafin ya samu takardar ɗan asalin jiha, ƙasar da yaro ke rasa gurbin karatu da aikin gwamnati saboda shugaban ƙaramar hukuma ya ƙi sa masa hannu, a nan ne ake gaggawar shimfiɗa wa baƙo tabarma don ya zo da jakar dala! Ɗan gida bai gama zama ɗan ƙasa ba. A fara da shi mana.

Idan majalisa na son taɓa tsarin mulki, ga inda za ta taɓa. Sashe na 66 ya yi maganar hana wanda ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da son ransa tsayawa takara, amma an ɗaure shi da sashe na 28, kotuna kuma suka fassara cewa bai shafi haifaffen ɗan ƙasa ba. Ƙofa ta zama a buɗe. Ni ban ce a taɓa yaron da aka haifa a Landan ko a Jidda ba, bai zaɓa ba. Maganata a kan wanda ya zaro kuɗi ya saya ne. Irin wannan, gwamna ne ko minista ko sanata ko shugaban wata hukuma, a tilasta masa ya bayyana a fili fasfo nawa gare shi, nawa ne na matansa da 'ya'yansa, yaushe ya saya, da wane kuɗi. Sannan ya zaɓa: ko kujera, ko fasfon. In ya zaɓi fasfon, Allah ya kiyaye hanya, ya sauka ya ba wanda asibitin nan da makarantar nan su kaɗai gare shi.