Makullin Mota Ya Wuce Aikin Maƙera

Tarihin Kano ya ce daga Gaya maƙeran farko suka taso suka sauka gindin Dala don neman tama, su ne ake kira Abagayawa. Saboda haka ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gaya mutum ya ɗauka duk abin da aka yi da ƙarfe, ƙarfe zai iya maye gurbinsa. Amma direban da ya ɓatar da makullin motarsa ƙirar wannan zamani a kasuwar Gaya ko ta Ajingi, ya je aka yanko masa wani mai haƙora iri ɗaya, zai ga abin mamaki. Ƙofa za ta buɗe, makulli zai juya, fitilu su kama, amma inji ya ƙi tashi, ko ya tashi ya mutu nan take.

Dalili yana cikin baƙar robar da ke kan makullin. A ciki akwai wata 'yar ƙwayar lantarki da ba ta fi ƙwayar shinkafa girma sosai ba, ana kiran ta tiransifonda, wato mai amsa kira. Ba ta da batir. A kewayen ramin da ake zura makulli akwai naɗin waya. Da an murɗa makulli sai naɗin ya fitar da ƙarfin maganaɗisu mai kaɗawa kimanin sau 125,000 a daƙiƙa, wannan kuwa ya haifar da 'yar wutar da ta isa ta farkar da ƙwayar. Ɗalibin da ya karanta binciken Faraday na shekarar 1831 ya riga ya san wannan ƙa'ida, ko da bai taɓa zaton tana cikin aljihun direba ba. Ƙwayar sai ta aika da lambar sirri. Idan kwamfutar motar ta gane lambar, ta saki mai da wuta. Idan ba ta gane ba, ta riƙe su. Kusan haka garkuwar jikin ɗan Adam take aiki: tana duba alamomin da ke jikin kowace ƙwayar halitta, ta ƙyale tata, ta ƙi baƙuwa, komai kamar da suka yi.

Ƙasar Jamus da Ingila sun wajabta wannan na'ura a kan sababbin motoci tun shekarar 1998, Kanada kuma a 2007. Wani bincike da aka buga a 2016 ya kiyasta ta rage satar mota da kimanin kashi 40 cikin 100 a Turai. Waɗannan motoci ne, bayan sun tsufa, suke shigowa nan ta Kwatano da Ikko, sau da yawa da makulli guda tal.

To, ya dace mai mota ya saita sabon makulli da kansa? Ya dace, matuƙar yana da makullin da ke aiki a hannu, kuma ya san irin motarsa. Motocin Ford da yawa ƙirar Amurka, alal misali, an tsara su yadda mai makulli 2 zai iya ƙara na 3 ba tare da wata na'ura ba: ya kunna da na farko, ya cire, ya kunna da na biyu, ya cire, sa'an nan ya zura sabon cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wasu tsofaffin Toyota suna karɓar sabo ne kawai idan babban makulli, baƙin, yana nan. Ruwan tokan ba ya yi. Peugeot da yawa kuwa suna neman lambar sirri mai harafi 4 da ke zuwa a kan wani kati tare da motar, katin da wuya ya ƙetaro teku. Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake jona wa a soket mai fil 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda yaron da ya iya wayar hannu zai iya koyon sarrafa ta. Sai dai ƙwayoyin iri-iri ne. Wanda ya sayo wadda ba ta motarsa ba ya yi asarar kuɗinsa.

Bambancin da ya kamata a kula da shi shi ne tsakanin kwafa da gabatarwa. Mai kwafa yana zuba lambar tsohon makulli cikin sabo, motar ta ɗauka abu ɗaya ne. Yana da sauƙi, amma ranar da ɗayan ya faɗa hannun ɓarawo ba za a iya soke shi shi kaɗai ba. Gabatarwa ita ce a sanar da kwamfuta sabon makulli mai lambarsa, a kuma goge wanda ya ɓata. Wannan ta fi.

Abin da bai kamata ba sam, ga shi kuma ya zama ruwan dare, shi ne a ciro ƙwayar a manna ta da salatif a bakin ramin makulli, ko a sa mai riwaya ya kashe na'urar ɗungurungum. Mota za ta tashi da kowane yankan ƙarfe, ta tashi wa kowa. Wanda ya yi haka ya sallami mai gadi ne don ya gaji da tambayarsa suna. Gaskiya ne tsaron bai cika ba, don a 2005 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun karya sirrin wata ƙwaya ta kamfanin Texas Instruments. Amma ai wannan aikin ɗakin bincike ne. Motocin Kia da Hyundai da aka sayar a Amurka ba tare da na'urar ba kuwa, matasa ne suka dinga sace su daga 2021 da abin da bai wuce sukudireba da wayar caji ba.

Idan makullin ƙarshe ya ɓata, gyaran kai ya ƙare. Sai dai a ɗauko gwani daga birni, ko a ja motar ta Wudil zuwa Kano, wani lokaci har a kwance kwamfutar a sake rubuta ta. Kuɗin wannan ya ninka na ajiye makulli na biyu nesa ba kusa ba, ban da kwanakin da motar haya za ta yi a ajiye iyali na jira. Malaman kimiyya a sakandaren Gaya da Ajingi suna iya fasa kan wani mataccen makulli a aji su nuna wa ɗalibai ƙwayar da naɗinta. Ɗalibin da ya ɗauki sana'ar kuma, tun ranar farko a koya masa ya nemi takardun mota kafin ya saita wa kowa makulli.