Tsirkiyar Jita da Darasin Mai Garaya

'Yan'uwana ɗalibai, wata muhawara ce ta kaure a ɗakin kwananmu kwanan baya, tsakanin samari biyu masu sha'awar kaɗa jita. Na farko ya ce shi ya karanta cewa wata uku-uku ake sauya tsirkiya, ko kuwa duk sa'ad da aka cika awa 100 ana kaɗa ta. Na biyu ya ce shi kam ba ya taɓa tasa sai ta tsinke, domin kuɗin da zai zuba a waya gara ya zuba su a cikinsa. Aka yi ta ja-in-ja har dare ya raba, ba wanda ya sauko. Ni ina gefe ban tofa ba, amma da yake na taɓa shan kunya a kan wannan magana a garinmu Runka, sai na ga ya kamata in ari shafin nan na mujallarmu in faɗi ra'ayina. A ganina su biyun duk sun kauce hanya. Ɗaya ya bar wa kalanda hukunci, ɗaya ya bar wa aljihu, alhali kuwa kunnen makaɗi da hannunsa su ne alƙalan wannan shari'a.

Bari in fara da kunyar da na sha. Wani hutu cikin hunturu na tafi gida da wata jita da na saya ta hannu a Sabon Garin Kano. Bayan sallar isha'i samarin unguwa suka taru a ƙofar gidanmu don su ji abin da ɗan jami'a ya koyo. Ban kai ga ƙarshen kiɗa na biyu ba sai siririyar tsirkiyar nan ta ƙasa ta ce ɓas! Aka yi tsit, sa'an nan aka tuntsire da dariya. Babu inda zan sami wata a garin, sai dai in aika Katsina, in ba a dace ba kuma sai Kano. A cikin masu kallo akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon maharbi mai kaɗa garaya. Ya ce in miƙo masa jitar. Ya zura ɗan yatsansa ƙarƙashin tsirkiyoyin da suka rage, ya ja daga sama har ƙasa, ya nuna mini a hasken fitila, yatsan ya yi baƙi ƙirin.

Ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da share ta?"

Na ce, "Baba, ai ban san ana sharewa ba."

Ya ce, "To, ba tsinkewa ta yi ba, kashe ta ka yi."

Wannan dattijo bai taɓa riƙe jita ba sai ran nan, amma abin da ya faɗa shi ne ainihin abin da masu ƙera tsirkiya suke faɗa. Jitar da aka fi gani a hannun samarinmu tsirkiya shida gare ta. Biyu sirara waya ce zalla, huɗu masu kauri kuwa waya ce aka naɗe da wata siririyar waya ta tagulla. Duk lokacin da ka taɓa su, yatsunka suna barin gumi da maiƙo. Gumi yana da gishiri, gishiri kuwa shi ne abokin tsatsa. Maiƙon kuma yana kama ƙura ya cusa ta tsakanin naɗin tagullar, har tsirkiya ta kasa karkarwa yadda ya kamata. Daga nan sai zaƙin muryarta ya tafi, ta koma kamar mai mura. Bugu da ƙari, wurin da take gugar ƙarafan da ke jere a wuyan jita yana lotsawa a hankali, sai ka ga ka daidaita ta a sake, amma da ka danna ta can sama sai ta yi maka ƙarya. Kada kuma a manta cewa tsirkiyoyin nan shida, in an ɗaure su daidai, suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai wajen kilo 70, wato fiye da buhun siminti. Wayar da tsatsa ta ci ba ta jure wannan ja, ko ba jima ko ba daɗe sai ta ba ka kunya a gaban mutane.

To, ina laifin ƙa'idar wata uku? Laifinta shi ne an yanka ta ne daidai jikin mutanen da ke ajiye jitarsu a ɗaki mai rufi da tagogin gilashi, a ƙasashen da ba su san hunturu ba. Masu ƙera jita suna cewa itacenta ya fi son iskar da laimarta take tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Mu kuwa a ƙasar Katsina, cikin hunturu laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20, da damina kuma ta haura har gishiri ya jiƙe a kwano. Ashe ke nan shekararmu maƙiya uku take kawo wa jita, kowanne da irin ɓarnarsa. Hunturu yana kawo ƙura, yana kuma busar da itace har ya tsage. Bazara tana kawo gumi. Damina tana kawo tsatsa, har tsirkiyar da ba a taɓa ba ma sai ka tarar ta yi ja. Wanda ya bi kalanda ido rufe zai zubar da tsirkiya mai sauran rai cikin sanyi, ya kuma yi ta fama da matacciya cikin damina yana jiran watansa ya cika.

Shi kuwa mai jiran sai ta tsinke, ya sani tsirkiya takan mutu tun kafin ta tsinke da daɗewa. Yana ganin tattali yake yi, alhali kunnensa yake ɓatawa, domin mai koyon kiɗa da tsirkiyar da ba ta tsayawa daidai zai saba da karkatacciyar murya har ya ɗauka ita ce daidai. Alamomin mutuwar tsirkiya ba ɓoyayyu ba ne. In launinta ya dushe ko ta yi ɗigon tsatsa, in ka ja yatsa a ƙarƙashinta ka ji kaushi, in muryarta ba ta daɗewa bayan ka kaɗa, in ka daidaita ta yanzu ta sauka an jima, to lokaci ya yi, ko jiya ka saye ta. Ga wanda ya nace sai an ba shi lokaci, shawarata ita ce: mai kaɗawa kullum ya duba tasa kowane wata da bazara da damina, mai kaɗawa jefi-jefi kuwa ya sauya sau biyu a shekara, ɗaya kafin saukar ruwa, ɗaya da kaka bayan ruwa ya ɗauke.

Amma rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin nan ba ya cin ko kwabo. Ka wanke hannu ka tsane shi kafin ka ɗauki jita, musamman bayan cin ƙuli-ƙuli ko tsire. In ka gama, ka sa busasshen ƙyalle mai tsabta ka share kowace tsirkiya, sama da ƙasa, domin a ƙarƙashi datti yake maƙalewa. Kada ka shafa mata man gyaɗa ko man ja kamar yadda wasu ke yi, ƙura kawai za su tara maka. Kada ka rataye jita a bango ta kwana tana shan iska, sa ta cikin jakarta. Da hunturu ka sa ɗan jiƙaƙƙen soso cikin gidan sabulu mai huji-huji ka ajiye cikin jakar, yadda ruwa ba zai taɓa itacen ba. Da damina kuwa ka nemi 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ka jefa ciki. In ka tashi sauyawa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗan jajja sabuwar da yatsa don ta zauna. Tsofaffin da ba su tsinke ba kuma ka naɗe su ka ajiye, wata rana a ƙauye su za su fid da kai kunya. Akwai masu rufin roba masu suna Elixir da aka fito da su a 1997, suna daɗewa ƙwarai, amma da tsada, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 duk abin da aka shigo da shi daga waje ya ƙara yi wa ɗalibi nisa.

Wannan maganar nisa ita ce ta kawo ni ga abin da ya fi damuna. Daren nan a Runka, ni mai jita na zauna hannu rabbana har hutu ya ƙare, saboda wata 'yar waya da ake ƙerawa a ƙetaren teku. Shi kuwa dattijon nan, in tasa ta tsinke, kafin a gama gaisuwa ya ɗaura wata. Ya gaya mini cewa a zamanin ƙuruciyarsa da hannunsu suke murza tsirkiya, daga baya suka koma zaren roba irin na masu fatsa. Mai goge da mai kukuma kuwa izgar doki ce tsirkiyarsu, su suke zaɓenta, su shafa mata ƙaro, in damina ta sa fatar ta saki su ɗan gasa ta a rana ko a bakin wuta. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak a kan gwangwanin kifi ya zaga duniya. Haruna Uji da gurminsa, Ibrahim Na Habu da kukumarsa, babu wanda a cikinsu ya taɓa fasa wasa don jirgin ruwa bai iso Ikko ba. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada a ɗauka ina cewa a jefar da jita ne, ko a ɗaura mata izga. Jita ta zama 'yar gida a wannan yanki namu. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda yake cika dandali a Amurka da Turai, jitarsa ta farko da kansa ya ƙera, wayar birkin keke ce tsirkiyarta. Su kansu Turawa da hanjin tumaki suke yin tasu tsirkiyar, sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa ta yi wuya, sa'an nan wani maƙerin kayan kiɗa a birnin New York, Albert Augustine, ya haɗa kai da shahararren makaɗin nan Andrés Segovia, suka gyara zaren roba na kamfanin DuPont ya zama tsirkiya a ƙarshen shekarun 1940. Rashi ne ya koya musu dabara, kamar yadda ya koya wa masu garayarmu. Bambancin kawai shi ne su sun rubuta tasu dabarar, sun gina mata masana'anta, mu kuwa mun bar tamu a kan tsofaffi, muna jiran ta bi su kushewa.

Na san wani zai ce, mutanen da ke kwana da ido ɗaya, wa ke ta tsirkiya? Gaskiya ne. Dajin Rugu da maharbanmu suke shiga da garaya a kafaɗa ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutane wajen talatin a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. A watan Satumbar 2021 har layukan waya aka katse a ƙananan hukumomi 13 na jihar, Batsari da Safana suna ciki. Amma wannan hujja ce a gare ni, domin a irin wannan hali ne sana'a take ɓacewa ba a sani ba. Mai gudun hijira buhun gero yake ɗauka da tabarma, garaya a rataye ake barinta. Babur ya kori doki daga ƙauye, izga ta yi wuya. Yaron da ya tashi a gidan 'yan'uwa a birni ba zai ga ana murza tsirkiya ba balle ya koya. Gida in ya rushe ana sake gina shi, amma dabarar hannu in ta tafi da mai ita, ba ta da magini.

Tun 1971 wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa, bayan sun zauna da makaɗan Zariya da Katsina suna tambaya suna rubutawa. Fiye da shekara hamsin ke nan. Mu 'ya'yan ƙasar, da muke da wayar ɗaukar hoto da murya a aljihu, me muka ƙara a kai? Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ƙungiyar Hausa ta jami'armu su ɗora wa kowane ɗalibi mai komawa ƙauye ɗan aiki a hutun nan: ya nemi mai garaya, ko mai gurmi, ko mai goge, ya gaishe shi da ladabi, ya roƙe shi ya nuna masa yadda ake zaɓen tsirkiya, da murza ta, da ɗaura ta, da sunan kowane sashe na kayan kiɗan. A tattara abin da aka samo a kai sashen nazarin Hausa, a kuma aika wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. Ɗaliban kimiyya da aikin injiniya su ma ga abin bincike a gabansu: wace waya ce cikin waɗanda ake samu a kasuwanninmu za ta iya zama tsirkiya, kuma me zai kare ta daga tsatsar damina? Yayyenmu ma'aikata kuwa, da ke zaune a ofisoshin al'adu da na ilimi, su ne za su iya buɗe wa irin wannan aiki ƙofa.

Ga abokan ɗakina biyu, amsata ke nan: ku sayi ƙyalle kafin ku sayi tsirkiya, ku saurari jitarku kafin ku duba kalanda. Ni dai tun daren nan ban sake ajiye tawa ba tare da na share ta ba. Hutun da ya wuce na je gaida dattijon nan in nuna masa na ji magana, aka ce mini ya koma wurin 'yarsa a Dutsin-ma. Garayar tana nan rataye a zaurensa, tsirkiya ɗaya ta tsinke, kuma a duk unguwar ban sami wanda ya iya ɗaura ta ba. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, Ya sa mu yi abin da ya kamata tun masu sani suna raye.