Maƙoƙo Ba Ya Hana Allurar Sanƙarau

Daga hunturu zuwa bazara lokacin sanƙarau ne a ƙasar Jakusko, Gashuwa da Nguru. A 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara allurar Men5CV, mai tsare mutum daga iri 5 na ƙwayar cutar, aka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29. Shekaru aka duba, ba wuya ba. Budurwa mai maƙoƙon da aka ɓoye a ɗaki, wai allura za ta ƙara kumburin, an cuce ta. Galibi ƙarancin aidin a abinci ke kawo maƙoƙo, kuma shan maganinsa ba ya hana allurar. Zazzaɓi mai tsanani ne kan sa a jinkirta. Magidanta mazauna Ikko da Badun, in za su aika kuɗin cefane gida, su haɗa da izinin a fito da ita.